Itatuwan Magani Da Yaɗuwar Sankarar Mama: Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya halicci cuta Ya kuma halicci maganinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya taso ne daga wata wasiƙa da wata baiwar Allah ta aiko wa wannan fili. Ta ce likita ya tabbatar wa yayarta cewa tana da sankarar mama, watau ciwon dajin nono, ya kuma ba ta ranar da za a yi mata aiki. Sai ga wani saƙo ya shigo musu ta waya, wai masana kimiyya sun gano cewa habbatus sauda da kurkum suna hana wannan ciwo yaɗuwa cikin jiki. Yanzu gidan ya rabu biyu. Waɗansu sun ce a fasa aikin a koma ga abin da ya zo a Sunna, tun da ga shi har Turawa sun yarda da shi, waɗansu kuwa sun ce a bi maganar likita. Ita tambayarta, wane ɓangare ne ya fi kusa da gaskiya da kuma addini?

Ni malamin Larabci ne, ba likita ba. Amma tambayar ta taɓa fiƙihu da tarihin malamanmu, ta kuma taɓa rai, saboda haka ya zama wajibi in faɗi abin da na karanta na kuma tabbatar.

Yadda ciwon yake yaɗuwa

Larabawa suna kiran wannan ciwo saraɗan, ma'anar kalmar kuwa ita ce ƙaguwa. Likitocin Yunan ne suka fara yi masa wannan laƙabi, domin sun ga ƙullutun yana zaune a tsakiya, jijiyoyi sun miƙe daga gare shi ta kowane gefe kamar ƙafafun ƙaguwa. Asalinsa ƙwayoyin halittar jiki ne da suka ƙi bin ƙa'ida, suna ta hayayyafa ba tsayawa.

Muddin ƙullutun yana cikin nono kaɗai, ana iya cire shi, kuma mata da yawa suna warkewa sarai. Haɗarin yana zuwa ne sa'ad da waɗansu ƙwayoyi suka ɓalle daga uwar ƙullutun. Sukan narkar da tantanin da ya kewaye su, su shiga magudanar ruwan jiki su sauka a kaluluwar hammata, ko su faɗa cikin jini ya kwashe su zuwa ƙashi, ko huhu, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa. Idan suka sami wurin zama sai su jawo sababbin jijiyoyin jini su riƙa ciyar da su. Wannan yaɗuwa ita ce ke kashe mafi yawan matan da ciwon ya yi ajalinsu.

A shekarar 1889 wani likitan fiɗa na Ingila mai suna Stephen Paget ya bi bayanan gawawwakin mata 735 da wannan ciwo ya kashe. Ya lura cewa ciwon ba ya sauka ko'ina da ka, yana da gaɓoɓin da ya fi so. Sai ya kwatanta shi da iri da ƙasa: iska tana watsa iri ko'ina, amma ba ya tsira sai inda ƙasar ta karɓe shi. Duk manomi ya san haka, ya kuma san cewa ciyawar da aka tuge tun ba ta zubar da 'ya'ya ba ta fi sauƙin sha'ani.

Bisa ga ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 an sami mata kimanin miliyan 2.3 da wannan ciwo a duniya, kimanin 670,000 kuma suka rasu. A Nijeriya kaɗai an ƙiyasta sababbin masu ciwon sun haura 30,000 a wannan shekara, waɗanda suka rasu kuwa wajen rabin wannan adadi ne. A ƙasashe masu arziki, fiye da 90 cikin 100 na matan suna nan da rai shekara 5 bayan gano ciwon. Babban abin da ya raba mu da su shi ne lokacin zuwa asibiti.

Itatuwan da suka zama magani

Kada mai karatu ya zaci zan raina itatuwa. Ko kusa. Waɗansu daga cikin manyan magungunan da ake ɗura wa masu sankarar mama a asibiti yau daga jikin itace aka samo su.

Akwai wata 'yar fulawa mai fure fari ko ja-ja, wadda asalinta daga tsibirin Madagaska ne, mu ma muna shuka ta a ƙofar gidaje da ofisoshi don ado. Mutanen Jamaika suna dafa ganyenta su sha don ciwon sukari. Aka aika da ganyen ƙasar Kanada don a bincika, inda Robert Noble da Charles Beer suka gwada shi a jikin ɓeraye. Ba su ga ya yi wa sukari wani abin kirki ba, amma suka ga yana karya fararen ƙwayoyin jini. Daga nan suka tace sinadarin binbilastin, suka ba da sanarwarsa a 1958. Daga baya masana a Faransa suka sarrafa ɗan'uwansa binorelbin, wanda har yanzu ake bai wa matan da ciwon ya riga ya yaɗu a jikinsu. A lura da abu biyu. Abin da masu gargajiya suke sha dominsa dabam, abin da gwaji ya gano dabam. Sa'an nan sai an tara ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a sami giram guda na maganin, watau ba abin da tukunyar shayi za ta iya fitarwa ba ne.

Na biyu shi ne Taxol. A 1962 aka sassaƙo ɓawon wani itace da Turawa ke kira yu, a dazuzzukan arewa maso yammacin Amurka, cikin wani shiri na gwamnatin ƙasar wanda ya gwada ruwan itatuwa fiye da kashi 100,000 tsakanin 1960 da farkon shekarun 1980. Monroe Wall da Mansukh Wani suka tace sinadarin, suka bayyana siffarsa a 1971. A 1979 wata masaniya, Susan Horwitz, ta gano yadda yake aiki: yana sandarar da waɗansu zarurruka da ƙwayar halitta ke buƙata don ta rabu biyu, sai ta kasa haihuwa ta mutu. Ba a yarda a bai wa majinyata shi a matsayin magani ba sai 1992, ga sankarar mama kuwa sai 1994. Shekara 30 ke nan daga sassaƙe zuwa allura. Shi kuwa itacen kansa dafi ne, yana kashe dabba da mutum idan aka ci ganyensa. Cikin waɗancan dubban samfurori da aka gwada, 'yan ƙalilan ne ƙwarai suka kai ga zama magani.

Habbatus sauda da kurkum

To, mu dawo ga saƙon da ya shigo wayar 'yar'uwarmu. Akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. A cikin man habbatus sauda akwai wani sinadari da ake kira timokwinon, a cikin kurkum kuma, wanda waɗansu ke ce wa gangamau, akwai kurkumin. An yi gwaje-gwaje da yawa inda aka zuba su a kan ƙwayoyin sankarar mama da ake renonsu cikin faranti a ɗakin bincike. Aka ga suna rage musu ƙarfin tafiya, suna danne sinadaran da suke narkar da tantani da su, suna kuma sa waɗansunsu su mutu. An ga irin wannan a jikin ɓeraye ma. Wannan abin farin ciki ne, shi ya sa ake ci gaba da bincike a kansu.

Amma faranti ba jikin mace ba ne. A faranti, sinadarin yana sauka kai tsaye a kan ƙwayar cutar. A jikin mutum kuwa sai ya bi ta ciki da hanji da hanta, kuma an tabbatar cewa kurkumin kaɗan ne ƙwarai yake isa cikin jini, sauran jiki yana fitar da shi. Har zuwa yau babu wani babban gwaji a kan mata da ya nuna cewa shan ɗayan waɗannan biyu yana hana ciwon yaɗuwa ko yana warkar da shi. Hasali ma, cikin magungunan sankara da suka yi nasara a kan ɓeraye har aka fara gwada su ga mutane, fiye da 9 cikin 10 suna faɗuwa a hanya.

Wannan ba sabuwar magana ba ce a wurin Musulmi. Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekarar 428 ta Hijira, daidai da 1037, ya jera sharuɗɗa 7 na gwada magani a littafi na biyu na Al-Ƙanun. Daga cikinsu akwai cewa maganin ya kasance tsantsa ba gauraye ba, a gwada shi a kan ciwo guda wanda bai cakuɗe da wani ba, a lura da lokacin da ya fara aiki, a kuma ga amfaninsa yana maimaituwa a kan mutane da yawa, don kada a ɗauki dace a matsayin hujja. Sharaɗin ƙarshe shi ne a yi gwajin a jikin ɗan Adam, gama abin da ya yi aiki ga zaki ko doki ba lalle ne ya yi ga mutum ba. Kafin shi ma, Abubakar Ar-Razi, wanda ya rasu wajen 925, ya ba da labarin yadda ya raba majinyata masu alamun ciwo iri ɗaya gida biyu, ya fitar wa waɗansu jini ya bar waɗansu da gangan, don ya ga bambanci da idonsa. Abin da likitocin yau ke yi ke nan da ɗaruruwa ko dubban majinyata kafin su ce abu kaza magani ne.

Abin da Sunna ta koyar

Ya tabbata a cikin Sahihu Muslim, ta hanyar Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu babu cutar da ba ta da magani, sa'an nan ya rataya waraka a kan dacewar maganin da cutar, da izinin Allah. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 ta Hijira, ya tsaya a kan wannan sharaɗi cikin Zadul Ma'ad. Ya bayyana cewa idan magani ya wuce kima sai ya haifar da wata cutar, idan ya gaza sai ya kasa, idan kuma ba a dace da shi ba babu waraka. Ta yaya za a san an dace, in ba ta hanyar ilmi da gwaji ba?

Hadisin falalar habbatus sauda ingantacce ne, Buhari da Muslim duk sun ruwaito shi, ba mai jayayya a kan wannan. Amma malamai sun yi magana a kan fahimtarsa. Ibnu Hajar ya kawo a Fathul Bari cewa Imam Al-Khaɗɗabi yana ganin lafazin gamamme ne da ake nufin keɓantacce da shi, salon da duk ɗalibin Larabci ya sani. Waɗansu malamai sun bar shi a kan gamewarsa. Ko a bisa wannan fahimta ta biyu, hadisin bai faɗi yawan da za a sha ba, bai faɗi yadda za a sarrafa ta ga kowace cuta ba, bai kuma ce a bar sauran magunguna ba. Shi kansa Annabi, mai tsira da aminci, ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu likita ya yanke masa jijiya ya yi masa lalas, ya kuma umurci Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da ya nemi Harisu ɗan Kalada, likitan Larabawa na wancan zamani. Ashe kai majinyaci ga gwani shi ma Sunna ne.

Haka magabatanmu suka fahimta. Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayani a littafinsa At-Tasrif cewa sankara idan tana wurin da za a iya cire ta gaba ɗaya, kamar nono, kuma tana farkonta, to a cire ta. Idan ta tsufa ta girma kuwa, ya ce shi bai taɓa warkar da ita ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba. Wannan mutum ya san itatuwa ƙwarai, yawancin littafinsa ma a kan haɗa magunguna ne, amma bai ce a tsaya shafe-shafe ba. A ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan ilmin likitanci, abin da ke nuna cewa shugabanninmu sun ɗauki magani a matsayin fannin da ake karantawa.

Haɗarin jinkiri da haɗarin gauraye

A 2018 aka buga wani bincike na masana a Jami'ar Yale ta Amurka. Sun bi majinyata 281 waɗanda sankararsu ba ta yaɗu ba, suka ƙi maganin asibiti suka zaɓi na gargajiya da makamantansa kaɗai, suka kwatanta su da 560 da suka karɓi na asibiti. Haɗarin mutuwa ga rukunin farko ya ninka sau biyu da rabi. Ga masu sankarar mama kuwa ya ninka fiye da sau 5.

Na ga irin wannan da idona. Wata maƙwabciyarmu, mai 'ya'ya biyar, ta ji ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa. Wani mai magani ya ce mata daji ba ya son ƙarfe, kada ta kuskura a taɓa shi da wuƙa ko allura. Ta yi wata takwas tana shafa ƙulli tana shan jiƙo, har ta sayar da awakinta. Ranar da aka kai ta asibiti, ciwon ya riga ya kama ƙashin bayanta. Ba ta kai azumin da ya biyo baya ba. Allah Ya jiƙanta. Ajali na Allah ne, amma an umurce mu da riƙon sababi. Wannan magana ta cewa daji ba ya son ƙarfe ba ta da asali a Alƙur'ani ko Hadisi, ta kuma saɓa wa abin da Az-Zahrawi ya koyar shekara 1,000 da suka wuce.

Masu cewa itace in bai yi magani ba ai ba ya cutarwa, su ma su yi hattara. A farkon shekarun 1990, a birnin Burasel na Beljiyam, mata fiye da 100 suka sami ciwon ƙoda bayan shan wani haɗin rage ƙiba da aka sa wani saiwa na ƙasar Sin a ciki bisa kuskure. Da yawansu ƙodar ta mutu, waɗansu kuma suka kamu da sankarar mafitsara da magudanar fitsari. Itacen da ya yi wannan ɓarna dangi ɗaya ne da duman dutse da muka sani a nan. Har wa yau, wani ƙaramin bincike da aka yi a birnin Rotadam na Holan, aka buga a 2019, ya nuna cewa shan kurkumin mai yawa, musamman haɗe da sinadarin masoro, yana rage ƙarfin tamoksifen a cikin jini, watau ƙwayar da mata da yawa ke sha shekara da shekaru don kada ciwon ya dawo. Kurkum na cikin miya ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne tataccen da ake sha da sunan magani ba da sanin likita ba.

Nasiha

Ga 'yar'uwar da ta aiko da tambaya: ki gaya wa yayarki kada ta bari ranar aikin nan ta wuce ta. Zuwa asibiti bai saɓa wa tawakkali ba. Ta dage da addu'a da sadaka da karatun Alƙur'ani. In tana son ta ci habbatus sauda ko zuma don neman albarkar Sunna, ta faɗa wa likitanta tukuna, ta kuma nuna masa duk abin da take sha, kada ta ɓoye kome.

Ga sauran mata: mafi yawan ƙullutun da ake ji a nono ba sankara ba ne, amma ba a sanin haka sai an auna. Duk wadda ta ji ƙullutu a nono ko hammata, ko ta ga kan nonon ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar ta yi kamar ɓawon lemo, ta tafi asibiti cikin makon nan. Sau da yawa ciwon ba ya zafi a farkonsa, kada rashin zafi ya ruɗe ki. Idan an sami likita mace, madalla. Idan ba a samu ba, malaman fiƙihu sun halatta namiji ya duba gwargwadon lalura. Wadda ciwon ya riga ya yaɗu a jikinta ma kada ta yanke ƙauna, gama akwai magungunan da ke danne shi su rage raɗaɗi, waɗansu matan har su yi shekaru cikin iyalinsu.

Ga magidanta: lafiyar iyali amana ce a wuyanku. Kada kunya, ko tsoron kashe kuɗi, ko ƙyamar a cire nono ta sa ku hana matanku zuwa asibiti. Wanda ya juya wa matarsa baya don an yi mata wannan aiki, ya tuna zai tsaya gaban Allah.

Ga masu maganin gargajiya: a cikinku akwai masu gaskiya da suka gāji sani mai daraja. Ku tuna Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani ba a san shi da ilmin ba, alhakin ɓarnar da ta auku yana kansa. Idan mace ta zo muku da ƙullutu, ku tura ta asibiti a ranar. Idan kuna da itacen da kuke kyautata wa zato, ku kai shi ga masu bincike. An taɓa yin haka a ƙasar nan: cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta karɓi wani haɗin gargajiya na masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta gwada shi a kan masu amosanin jini, aka buga sakamakon a 2001, ya zama maganin da aka sani da Niprisan. Wannan ita ce hanya, kuma jami'o'inmu da masu hannu da shuni ya kamata su sa dukiya a cikinta. Wa ya sani ko a dajinmu Allah Ya ajiye wani abu irin wanda aka samu a waccan fulawa ta Madagaska?

Allah Ya bai wa marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya kuma amfanar da mu da abin da Ya sanar da mu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.